Alhaji, Kafin Ka Tsine wa Giyar Motarka

Akwai wata fatawa da ke yawo tsakanin masu a-kori-kura a Agege, daga Zango har bakin Abbatuwa, wadda har yau ba a san malamin da ya bayar da ita ba. Wai giyar otomatik in dai aka kwance cikinta, to a yi mata salla kawai, ta gama yawo. Ba a gyara ta, sai dai a sauya. Mabiyan wannan fatawa ba su da littafi, amma suna da hujja, kuma hujjar kowa iri ɗaya ce: ya kai Hilux ɗinsa gareji, an sauke giya, an sa sababbin faiba da robobi, an mayar, ya biya kuɗi masu ciwo, ga shi ko gadar Pen Cinema bai gama hawa ba inji ya kama kuka mota ba ta gaba.

To sannu, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Amma kafin ka tsine wa giyar da wanda ya taɓa ta da wanda ya nuna maka garejin, ɗan zauna. Ni abin da nake cewa shi ne, a irin wannan shari'a giyar ce ya kamata a kira ƙarshe, domin masu laifin sun fi yawa a kewayenta, kuma ɗaya daga cikinsu yana sanye da babbar riga yana karanta wannan rubutu.

Bari in fara sallamar mutanen Zazzau, don na hango su a bayan taro suna murmushin mugunta. Su a wurinsu motar kirki ita ce mai kuloci, wadda in batir ya mutu yara huɗu za su tura ta ta tashi. Har yanzu suna makokin a-kori-kurar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Mota ce, ban musa ba. Sai dai ku zo ku taka kuloci daga Iyana Ipaja zuwa Oshodi da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, sannan mu ga ko gwiwar hagu za ta bar ku ku yi ruku'u da azahar. Otomatik kuma ba yau ta zo duniya ba. General Motors ya sa ta a motocin Oldsmobile na 1940, shekara fiye da 80 ke nan ana kwance ta ana mayarwa tana tafiya. Ba a Agege za ta fara zama aljana ba.

Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa a je kasuwar Ladipo a ɗauko giyar tokumbo a huta. Kafin 2023, kafin a cire tallafin mai a saki naira, wannan shawara tana da sauƙin bayarwa. Yanzu wanda ya ba ka ita, ka ce ya raka ka da aljihunsa. Kuma abin mamaki, jikokin mutanen da cinikin goro ya zaunar a Agege, waɗanda ba sa biyan kuɗin huhu sai an kwance an tona har ƙasa, su ne ke ɗaukar giya rufe ruf don kawai an wanke bayanta da fetur tana ƙyalli. Wa ya gaya maka tafiyar da ta yi kafin ta hau jirgin ruwa? Wani lokaci a dace, wani lokaci ka sayo ciwon wani Bature da kuɗinka.

Yanzu ga tambayar farko, wadda za ka ji haushinta saboda arharta: lita nawa aka zuba? Giyar da aka kwance aka wanke ta dawo a bushe, ita da konbatarta, wato dunƙulallen ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya, wanda ke yi maka aikin kuloci da mai. Irin giyar Aisin mai hawa huɗu ko biyar da ke cikin Hilux da yawa, in ta bushe ƙaf, tana shan wajen lita 10. Amma a juyen mai na yau da kullum, lita biyu zuwa uku ne ke fita ta ƙasa. Yaron gareji da hannunsa ya saba da juye sai ya ɗura galan ɗaya, ya zaro sandar awo ya ga mai har wuya, ya ce Oga an gama. Bai yi ƙarya ba, da idonsa ya gani. Inji a kashe yake, man duk yana kwance a kaskon ƙasa. Ana tayarwa famfo zai kwashe shi ya cika konbata da tiyo da lungunan ciki, kasko ya koma wayam, famfo ya shiga zuƙar iska. Daga nan sai ka sa D mota ta yi shiru tana nazari, can ta zabura. A hawa ta saki, a kwana ta saki.

Awon yana da ladabinsa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, ba taya biyu a kwalta biyu a bakin kwata ba. Inji na aiki, ya yi zafi. Ƙafa a birki, a bi da hannun giya gida-gida daga P har ƙasa, ana dakatawa kaɗan a kowanne, a dawo P. Sannan a zaro sanda, a goge da ƙyalle mai tsabta, a mayar, a sake zarowa, a duba alamar zafi ba ta sanyi ba. Kai kuma mai son ƙari, wanda ko tuwo aka zuba sai ka ce a daɗa, ka sani cikawa fiye da ƙima ita ma cuta ce. Ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa man ya yi kumfa, kumfa ba ta iya matse faiba, sauran kuma ya yi ta amai ta hancin numfashin giyar. Wasu sababbin ma ba su da sandar gaba ɗaya. Noti ne a kasko da ake buɗewa idan man ya kai wani zafi da kamfani ya ƙayyade, a bar rarar ta zuba. Wanda ya auna wannan zafi da tafin hannu, duba ya yi maka.

Wane mai ma aka zuba? Kada ka ce mini ja ne. Kusan duk ja ne, rini ake sa masa don kada a rikita shi da baƙin mai. Tsofaffin giyoyi na shan Dexron, na bayansu T-IV, sababbi WS wanda ya fi su tsinkewa, kuma galibi an rubuta a kan sandar ko a littafin motar, wanda na san ba ka taɓa buɗewa ba sai in rasit ka ɓoye a ciki. Kowane iri da yadda yake barin faiba ya kama. In aka yi musu musanya, sai ka ji mota na karkarwa tana shiga hawa, ko tana bugawa. Ga kuma galan ɗin da aka sake cikawa aka liƙe baki, wanda arharsa kaɗai ta isa ta sa mai hankali ya ja da baya. Kai kuwa arhar ce ta ja ka.

Mu zo kan wanda a ganina ya fi kowa kashe giyar da aka gyara, kuma ba a cika kama shi ba don yana aikinsa a hankali. Man giya ba a cikin giya kaɗai yake zama ba. Tiyo ne ke fita da shi zuwa lagireto, ya ratsa wani ɗan bututu a ciki ya huce, wani tiyon ya dawo da shi. Ranar da giyarka ta ƙone a hanyar Ibadan, garin faiba da ɓarɓashin ƙarfe sun bi man nan sun je sun maƙale a bututun, sun kwanta a cikin konbata. Aka gyara giya fes, aka mayar da ita kan tsohon layi da tsohuwar konbata ba wanki. Tayarwar farko dattin nan duk ya kamo hanyar gida, ya shige bawul-bawul ɗin da ke rarraba mai, waɗanda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sarƙe su. Makon farko lafiya lau, har ka fara yabon bakanike a majalisa. Mako na biyu ta fara tsallake hawa. In kuma bututun ya toshe ne, man ba ya hucewa, sabon faiba ya dahu.

Ka tuna ranar da bakaniken ya ce a wanke layin, a sauya konbata ko a kai a yanka ta a wanke a sake walda? Ka tuna amsarka? Oga, bar wannan sai wani jiƙon, ita giyar dai na kawo. To ga jiƙon ya zo. Gwajinsa ba wuya: a cire tiyon dawowa a sa bakinsa a gora, a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan. In man ya fito da ƙarfi, hanya a buɗe take. In ɗiga yake yi, an kama ɓarawo. In kuwa ka zaro sanda ka ga man ya yi kauri ya koma launin madara mai ratsin ja, bututun ya fashe a cikin lagireto, ruwa ya shiga. Kashe motar nan take. Ruwa yana saki gam ɗin da ya riƙe faiba a jikin ƙarfensa, kuma ko giya goma ka sauya, muddin lagireton nan yana nan, haka za su bi juna.

A nan gaba kuma laifin ba naka ba ne, sha ruwa ka huta. Ana zura konbata a bakin giya tun giyar tana ƙasa. Ana juya ta ana turawa a hankali, ta faɗa sau ɗaya, a ci gaba da juyawa ta sake faɗawa, har sai kunnuwanta sun zauna daram a cikin famfo. Mai gaggawa yana jin ƙas ɗin farko sai ya ce ta shiga. A ɗaga giya a kai ta bayan inji, sai ta ƙi haɗe baki, saura rata faɗin yatsa. Maimakon a sauke a duba, sai wani ya miƙo doguwar sifana, a ce noti zai jawo ta. Noti kuwa ba ya gardama, zai jawo. Abin da ya karye a ciki ba mai jin ƙararsa, ga janareto ga hon ga mai wa'azi da lasifika. A tayar da mota, D babu, R babu. Alamarsa ita ce man da ke kan sanda ba ya sauka ko da inji na aiki, domin famfon da zai kwashe shi ya riga mu gidan gaskiya. Bakanike na ƙwarai, bayan giya ta haɗe da inji da hannu ba da ƙarfin noti ba, sai ya sa yatsa ta ƙasa ya juya konbatar ya ji tana yawo sakayau, sannan ya ɗaure ta. Akwai kuma ƙusoshin saiti guda biyu tsakanin inji da giya da kan faɗi a ƙasa a share su da shara. In babu su giya za ta zauna a karkace, bayan ɗan lokaci ka ga jan mai na ɗiga daga gabanta.

Daga nan sai a kira mai wayarin, domin giyar zamani rabinta wuta ce. Ƙwaƙwalwar mota ce ke duba gudu da yadda ka taka totur, ta aika wuta ga solinoyid su buɗe wa mai hanya. Soket ɗaya da bai shiga ya yi ƙas ba, ko wayar da aka matse tsakanin inji da giya lokacin ɗaurawa, ko wayar as da aka manta tana lilo, ya isa ƙwaƙwalwar ta tsorata ta kulle mota a hawa ɗaya. Sai ka ji ta tashi da nauyi ta ƙi sauyawa, ka rantse cikin giya ya lalace, alhali ba abin da ya same shi. A sa mata kwamfuta. Soket ɗin yana nan ƙarƙashin sitiyari, irin wanda Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996 sauran duniya ta bi. P0500 maganar sensar gudu yake yi, P0705 maganar makunnin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannun giya yake, P0741 kuma kullen konbata. Amma lambar unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. In ta ce solinoyid, a fara auna wayarsa kafin a aike ka kasuwa. Da tuni ma fitilar gargaɗi ta ankarar da kai, in ba ka sa an liƙe ta da baƙin salatif don tana damun idonka da dare ba.

Makunnin nan na hannun giya shi ne kuma ke sa mota ta ƙi tashi a P ta tashi a N, ko fitilar ribas ta daina kamawa. Saiti ne na minti kaɗan. Tsofaffin Hilux kuma suna da wata wayar ƙarfe daga totur zuwa giya, ita ke ƙara wa mai ƙarfi idan ka taka. In ta yi sako-sako faiba zai riƙa zamewa har ya ƙone, in ta yi tsauri kowane hawa sai an buga maka ƙeya. Sannan ba banza ba in ka je neman giya a Ladipo tambayar farko ita ce fil nawa ne a soket ɗinta. Hilux ɗin Tailan da na Afirka ta Kudu da Tacoma ɗin Amurka dangi ne, amma ba kowane kayan cikinsu ke shiga na juna ba. In a wurin gyara an aro allon bawul daga wata giyar da ba irinta ba don noti ya yi daidai, ƙwaƙwalwar za ta yi ta kira ba mai amsawa.

Ga kuma al'adarmu ta gado, cire tamostat. Mota na sauka daga jirgi za a zare shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. To Toyota ta tsara ƙwaƙwalwar ne ta hana hawa na ƙarshe da kullen konbata har sai ruwan inji ya ɗumama. Da asuba ko ana ruwan sama, motar da ba ta da tamostat takan daɗe ba ta kai wurin ba, tana ta ihu a hawa na ƙasa tana shan fetur, kai kana zagin giya. Sensar zafin ruwa da ta lalace ma haka take yi. Wani fizgar kuma da kake ji daga inji yake, fulogi ne ya gaji ko famfon fetur. Ƙarar gaf idan ka sa ribas, a duba kujerar inji da ta giya. Karkarwar da ke zuwa da gudu, a tambaya ko an yi wa farfela alama kafin a cire ta, an kuma mayar da ita yadda take. Saboda haka kafin ka je ka tara wa Baba Bayarabe bakanike jama'a, ka bi waɗannan. Bagobiri kaɗai na yarda ya zagi Bayarabe ba bincike, shi ma wasa ne ya halatta masa, kuma ya san za a rama da riba.

Yanzu saura mai babbar riga. Hilux haƙƙinta wajen tan ɗaya ne, har da kai da yaron mota a lissafin. Buhu goma ke nan mai kilo 100, in an yi maka sassauci. Kai kuwa ranar da aka ba ka mota daga gareji, ranar ka wuce kasuwar Mil 12 ka yi mata lodin albasa har bayanta na shafar ƙasa, ka shiga cunkoson Ketu da Ojota kana tafiya taku-taku. A irin wannan tafiya konbata zamewa take yi ba hutu, zamewa kuwa zafi ne, zafi shi ke cin man giya. Maɓallin O/D da gidajen 2 da L ba ado ba ne, don lodi da hawa aka yi su. Ɗan ƙaramin lagireton giya na daban da za a ɗaura a gaba bai kai kuɗin faiba ba, amma ka ce almubazzaranci ne. Kana juyawa a bakin kasuwa, mota ba ta gama tsayawa daga ribas ba ka maka ta a D. Damina ta zo, Yuni da Yuli titi ya zama kogi, ka ga ɗanfo ya ratsa ka ce ai tawa ta fi shi tsayi. Giya mai zafi in ta shiga ruwan sanyi iskar cikinta takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta hancin numfashi. In ta mutu a hanya kuma, ka ƙi kiran janwe, ka ɗaura igiya a ja ta tun daga Berger har gida tayoyin baya na ƙasa. Inji a kashe famfo ba ya juyawa, ƙarafan ciki na gudu a bushe. Noti huɗu ne a kwance farfela a ɗaure ta gefe, amma ina, kana sauri.

Kada kanikawa su yi dariya da yawa, ban wanke ku duka ba. Akwai giyar da tun a teburin gyara aka kashe ta, in ma akwai teburin. Wanda ya baje kayan ciki a kan kwali a ƙasa iska na kwaso ƙura, ya goge bawul da tsumma mai gashi, ya jera faiba a bushe bai jiƙa su a mai ba, ya yanke roba wurin turawa, ko ɗaya daga ƙananan ƙwallayen nan na allon bawul ya gangara ya shige yashi ya ce ba komai, wannan ba gyara ya yi ba. Kama shi ma da hanya. In mai ya cika kuma irinsa ne, layi a buɗe, kwamfuta ba ta ga komai ba, amma hawa ɗaya tak kullum shi ne ba ya shiga ko yake zamewa, to magana ta koma ciki. A ɗaura agogon awon ƙarfin mai a jikin giyar, a gwada a D da R, a kwatanta da abin da littafi ya ce. Sannan a sauke kasko. Laushin toka-toka kaɗan a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ƙyalƙyalin ƙarfe, ɓarɓashin tagulla, baƙin gari da warin ƙuna a giyar da ba ta yi wata ba, wannan kam a mayar masa da kayansa.

Sai dai mayarwar ta fi daɗi ga wanda tun farko ya sa an rubuta wata nawa aka ɗaukar masa, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire a leda, ya san abin da aka sauya da abin da shi da bakinsa ya ce a bari. Motar za ta kwana biyu a gareji, ba mutuwa za ka yi ba, jirgin ƙasa na Red Line da aka ƙaddamar a 2024 yana tsayawa a Agege. Kaskon kuma a gaban bakaniken za a sauke, a garejinsa, da mutum biyu da ku duka kuke jin nauyinsu. In ka yi fushi ka fara kai ta wani wuri aka sa mata sifana, ranar da ka dawo Baba zai share hannu da tsumma, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce Alhaji, wa ya taɓa ta bayana?